Motar da Ba Ta Son Alhamis

Na ga abubuwa da yawa a duniyar nan, wasu sun bi ruwa, wasu sun zauna daram, amma muddin ina numfashi ba zan manta da shekarar da motar ɗana ta ƙi jinin ranar Alhamis ba. Yanzu tsufa ya kai ni inda zan shiga ɗaki in tsaya ina tambayar kaina me ma na zo ɗauka, amma wannan lamarin, ko a tsakiyar gyangyaɗi aka taɓa ni zan kawo shi tiryan-tiryan.

Lokacin ba a daɗe da yanka mana jiharmu ba, zamanin soja, ana tsakiyar wahalar man fetur. Ni a Ɗanzomo nake, sana'ata man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, kuma ba yabon kai ba, tun daga Sule Tankarkar har Gagarawa Tasha in aka ce ƙulin Ɗanzomo to nawa ake nufi. Ban yi boko ba, ban san ko bihim ba, amma in na murza gyaɗa a tafin hannu zan gaya maka irin man da za ta ba da tun ba a kai ta inji ba. Duk Alhamis ina kasuwar Maigatari, kuma kafin azahar na kakkaɓe faranti.

Ɗana na fari direba ne. Ya yi shekaru yana ja wa wani Alhaji mota a Gumel, da Alhajin ya sayar da motar sai ya dawo gida ya zauna, ya fara maganar Legas, wai abokansa suna can suna jan manyan motoci. Kun san yadda ɗan fari yake a wajenmu. Ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa zama na yi hira da shi kamar ƙannensa ba, balle in buɗe baki in ce masa kada ka tafi, ina son in riƙa ganinka. Ai da kunya ta kashe ni. To amma ubansa ya rasu, shi ne babba a gidan, ga mata ga 'ya'ya uku, kuma na ga waɗanda suka tafi kudun nan, sai su shekara biyar ba ka ganin komai sai saƙon gaisuwa. Abin da bakina ya kasa faɗa sai na sa bijimaina suka faɗa. Guda biyu na yi kiwo, na sa aka ja su kasuwa, na haɗa da abin da ke ƙasan adakata na ba kawunsa, na ce ya ba shi ya nemi mota ko wace iri ce ya zauna a gida.

Sai ga shi da wata ƙaramar bas 'yar Kwatano, fara, mai ƙofar gefe da ake ja. Ta ci duniya kafin ta iso mu, Turawa sun gama more ta tun tuni. An ce mutum tara aka yi ta ta ɗauka, amma a Ɗanzomo sha huɗu take ci, ban da awaki. Ni dai a idona jirgin Makka ce. Ranar Alhamis gidan gaba nawa ne, babu mai tambaya. In ɗaura kallabina in kafe shi, in fitar da gwiwar hannu ta taga, ina amsa gaisuwar matan da da muke cusuwa tare a bayan akori-kura.

Alhamis ɗin farko muka isa Maigatari lafiya lau, na baza kaya. Akwai wata mata 'yar Damagaram da ta fi shekara goma tana sarin ƙulina. Ta zo ta ɗauki ɗaya, ta kai hanci, ta mayar a hankali.

Ta ce, "Iya, yau da isansi kika toya?"

Isansi a bakinsu shi ne fetur. A gaban sauran masu ƙuli ta faɗa, matan da suka shekara suna jiran ranar da za su ji an kushe ni. Na shinshina, wallahi gaskiya ta faɗa. Ranar nan, da rabin kayana na koma gida, abin da bai taɓa faruwa da ni ba tun ina budurwa.

Dalili kuwa a fili yake. Saboda wahalar mai, ɗana ba ya yarda gari ya waye masa ranar kasuwa yana neman fetur. Tun Laraba yake bin 'yan bumburutu, masu sayarwa a galan bakin hanya, ya cika ta maƙil har wuya. Kayana kuma a can baya ake jera su, gefen da tankin yake. Ga hanyarmu duk gargada, man sai ya yi ta kaɗawa warin yana bin ƙuli.

Alhamis ta zagayo. Bayan asuba, shi yana can wajen mai shayi, na fito na zaga motar ina bin warin da hanci har na iske wata 'yar ƙofa a gefe. Na buɗe, ga murfin tanki. Na kwance shi na ɗaga sama, sai na ga wani ɗan huji a jikinsa kamar na allura, ya jiƙe da fetur. Na ce a raina, ka ji aikin Bature, ya ƙera mota guda ya kasa toshe huji. Ni kuwa shekara talatin ina ɗora jarkar mai a kan jaki da amalanke ko ɗigo bai taɓa zuba ba. Na yi mata abin da nake yi wa jarkokina: na ninka leda biyu, na shimfiɗa a bakin tankin, na murɗa murfin a kai tamau, na bi gefen da reza na gyare. Na kai hanci, babu wari ko kaɗan. Na koma ciki ina jin daɗin kaina.

Da muka isa kasuwa aka sauke min kaya, sai na zaga na zare ledata. Mai kauri ce, kuma a wancan zamanin leda ba abin yarwa ba ce, wankewa muke mu shanya a kan danga. A komowa ba ni da ƙulin da zai ɗau wari, to me zan bar ta ta yi? Haka na riƙa yi duk mako, in sa da safe, in cire a Maigatari. Ban gaya wa kowa ba. Ba wai ɓoyewa nake ba, wa yake tara mutane ya ba su labarin ya rufe jarka?

To tun daga wannan Alhamis ɗin mota ta sake hali. Daga Ɗanzomo zuwa Gumel lafiya ƙalau. Da mun tsaya a tashar Gumel sauke wani ko ɗaukar wani, sai ta ƙi zama a silo, wato ɗan gurnanin nan da inji yake yi a hankali in mota tana tsaye. Sai ta kama karkarwa kamar mai zazzaɓin damina, in bai danna mata totur ba ta mutu. Mu fita Gumel mu kama hanyar Maigatari, ta fara tari, ta fizga, ta sake fizga, sai shiru. Ya murɗa makulli, ta yi ta ƙiƙi-ƙiƙi ba ta kamawa. Mu firfito mu zauna a inuwa. Kafin mutum ya gama cin ɓarin goro, a sake murɗawa, ta tashi garau kamar ba ita ba. A ɗan taɓa tafiya ta sake. Sau uku, sau huɗu, kafin mu isa kasuwa rana ta take, masu sari sun gama sun ɗaure kaya. Amma a komowa fa? Kamar tsuntsuwa. Juma'a zuwa Laraba kuwa, ya je Gagarawa, ya je Kano ya dawo, ko atishawa ba ta yi.

Akwai wani bakanike a Gumel, Kirista ne, daga wajen Jos iyayensa suka zo, amma Hausa a bakinsa sai ka rantse a Gumel aka yanke masa cibiya. Mutum ne mai haƙuri, matarsa a wajena take sayen mai, shi kuma Mama yake ce min. Ranar Juma'a ɗana ya kai masa motar. Ya tayar da ita, ya kasa kunne, ya zaga gari da ita, bai ga komai ba. Ya ce ƙila datti ne, ya kwance kafireta ya wanke ta fes, ya daidaita silo. Alhamis ta mutu. Mako na gaba ya canza fulogi. Alhamis ta mutu. Ya canza matatar mai, ya canza famfon da ke turo man, ya bi wayoyin wuta ɗaya bayan ɗaya. Kowane mako ya ce in Allah ya yarda an gama, kowace Alhamis mu sha inuwar bishiya. Har ya ce wa ɗana, "Ni motar nan ta ɗaure min kai. In ta shigo garejina ladabi take min. Ta yaya zan yi maganin ciwon da ba ya zuwa sai ba na nan?"

Ni kuwa ai na riga na gama bincikena tuni. Na ce ido ne, aikin mahassada. Na zauna na jero sunayen waɗanda suka yi min murna da fatar baki ranar da aka kawo motar, sai da na kusa ƙarar da rabin Ɗanzomo. Na karɓo laya aka rataya a madubi. Na karɓo rubutu na tsaya a kan ɗana sai da ya ɗura shi a lagireto, inda ake zuba mata ruwa. Na ce 'yan bumburutu suna garwaya kananzir, na ba da sabon kallabina aka riƙa tace fetur da shi. Na yi sadakar ƙuli faranti guda. Duk wannan hidimar, kuma duk Alhamis da sassafe ina nan a gefen mota da ledata da rezata, ina yi ina tsine wa mahassada.

A cikin fasinjojin Alhamis akwai taubashina, ɗan kawuna, dillalin awaki. Tun muna yara ba ya ganina ya ƙyale, ni ma ba na raga masa. Wata rana muna zaune a gindin wata aduwa muna jiran mota ta huce, sai ya gyara murya ya ce, "Jama'a, ni fa na gano ciwon motar nan, kuma ba zan karɓi ko sisi ba. Wace rana take mutuwa?"

Aka ce, "Alhamis."

"Wace rana tsohuwar nan take shiga?"

Sai aka fara ƙunshe dariya.

Ya ce, "Kuma ina injin yake? Ba a ƙarƙashin kujerarta ba? Ku duba fa, a kansa take zaune. Ƙarfe ma yana da iyakar abin da zai ɗauka."

Na ce, "A komowa ai ina ciki, mai ƙaton kan banza, me ya sa ba ta mutuwa?"

Ya ce, "A komowa kin sayar da ƙuli, ranki fari. Da safe ne fuskarki take kashe inji."

Na ce, "Kai da warin bunsurunka ko jirgin ƙasa ka shiga sai ya tsaya ya yi amai."

Aka yi ta dariya, ni ma na yi. Amma magana ta shiga gari. Mata suka fara kallona ta wutsiyar ido. Abin da ya fi wannan ciwo, fasinja suka fara guduwa, don ba mai son ya isa kasuwa ana watsewa. Har sauran ranakun ma mutane suka riƙa cewa a bar motar nan, ba ta da tabbas. Na ga ɗana yana ramewa, ya daina zama a majalisa.

Ranar wata Laraba da la'asar ina mulmula ƙuli, ya zo ya tsuguna a bakin ƙofata. Bai kalle ni ba, ni ma ban kalle shi ba. Ya ce, "Iya, gobe ne na ƙarshe. Bakaniken zai rufe gareji ya bi mu ya gani da idonsa. In ta sake mutuwa ba a gano kanta ba, akwai wani mutumin Nijar da ya taya, zan bar masa ita a Maigatari. Na riga na aika wa abokina na Legas."

Na ce, "Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri."

Iyakar abin da na ce ke nan. Amma ƙulin da na mulmula bayan tashinsa, ko almajirar koyo ba za ta yi irinsa ba, wani dogo wani gajere. Washegari da safe kuma me kuke tsammani na yi? Na ce in ma yau ce ranar ƙarshe, to ƙulina dai ya isa da mutuncinsa. Na ninka leda uku.

A Gumel muka ɗauki bakanike da akwatin kayan aikinsa. Dole na matsa masa a gidan gaba, abin da ban taɓa yi wa kowa ba. Tun a tasha ta fara karkarwar nan, ya sunkuyar da kai yana saurare. Da muka hau hanya ya ce wa ɗana, "Direba, mu bi ta a hankali. Me ake yi wa motar nan ranar Alhamis wanda ba a yi mata sauran ranaku? Kaya ne suka fi yawa?"

"Ranar da nake zuwa Kano sun fi haka."

"Mai fa? Wajen mutum ɗaya kake saye?"

"Na canza wuri sau huɗu."

"To wa yake taɓa ta?"

"Ba kowa. A ƙofar gida take kwana."

Taubashina ya leƙo daga baya ya ce, "Maigida, amsarka tana nan kusa da kai tana cin goro."

Ni kuwa ina zaune na harɗe hannu, ko a jikina. Wallahi ko kusa raina bai kawo min leda ba. A wajena abin da nake yi ba taɓa mota ba ne, rufe jarka ne.

Ba mu yi nisa ba ta yi tarinta, ta fizga, ta mutu, kusa da aduwar nan da ta riga ta san mu. Aka sauke ni aka ɗaga kujerata, inji ya bayyana. Bakanike ya ce kowa ya matsa, yau ba za a bar ta ta huta ba, da zafinta yake son ta. Ya zare wata waya ya kusantar da ita jikin ƙarfe, ya ce a murɗa makulli. Wuta ta yi tsalle, ƙyas-ƙyas. Ya ce, "Wuta lafiya." Ya zare tiyon da ke kawo mai cikin kafireta, ya ce a sake murɗawa. Ɗigo biyu suka fito, shi ke nan.

Ya ce, "Mai ne ba ya zuwa."

Ɗana ya ce, "Jiya na cika ta har tana zuba."

Bakanike ya bi tiyon ya cire shi ta wajen da ya fito daga tanki, ya kafa baki ya zuƙa. Na ga kumatunsa sun lotsa, idonsa ya firfito, babu abin da ya zo. Ya sake zuƙa. Ya ɗago yana haki ya ce, "Ikon Allah. Ina ja tana ja. Kamar akwai wanda ya riƙe man daga ciki."

A nan haƙurin ɗana ya ƙare. Mutumin da ba a jin muryarsa, ranar sai da aka ji ta. Ya ce mako nawa ana kwance masa mota ana ɗaurawa, an canza wannan an canza wancan, yau kuma za a ce masa wani ne ya riƙe mai, in ba a iya aiki ba a faɗa masa tun farko. Fasinja suka shiga ba da haƙuri, hayaniya ta kaure.

Ni ban ji sauran ba. Maganar nan ta "ina ja tana ja" ita ta tsaya min a kunne. Na san wannan abin. In ka sami garwar mai a rufe ruf ka huda mata huji ɗaya, ɗan kaɗan zai zubo ya tsaya, ko ka kifa ta. Sai ka ɗauko ƙusa ka huda na biyu a ɗaya gefen ta sami numfashi, sannan mai ya zubo. Ni na koya wa 'ya'yana wannan, har da ranƙwashi. Na tuna ɗan hujin nan kamar na allura. Ashe ba mantuwa Bature ya yi ba, hancin tankin ne. Ni ce nake toshe mata hanci duk Alhamis, in ta suma mu zauna, iska ta ɗan silala mata ta gefen leda ta farfaɗo, mu sake hawa.

Kada ku ce take na fito na faɗi gaskiya. Ina! Dabara na fara nema. Na gyara mayafi na ce, "Ku ba ni wuri in yi mata tofi." Na fara zaga motar ina motsa baki ina fesa iska, har na kai wajen 'yar ƙofar nan, inda ba mai ganina. Niyyata in zare ledar in cusa a ƙugu, mota ta tashi, a ce addu'ar Iya ce. Na kama murfi na murɗa, ya ƙi. Leda uku, ga shi na ɗaure da ƙarfin safe, ga gumi a hannu. Na sa bakin zani na murɗa, ko gezau. Ina cikin kokawa sai na ji murya a bayana.

"Mama, kawo in taya ki addu'ar."

Bakanike ne. Ya bar musu hayaniyar ya zagayo, shi ma tunaninsa ya kawo shi wajen murfin. Ya sa hannu ya murɗa da ƙarfi. Sai tankin ya ja wani dogon numfashi, fuuuu, kamar saniya ta sha ruwa ta ƙoshi, ƙarfen ya yi ɓam daga ƙasa. Ga leda a hannunsa, ninki uku, an gyare gefenta da kyau, tana maiƙon man gyaɗa. Ya dubi leda, ya dube ni. Ya sake duban leda. Sai ya dunƙule ta ya tura a aljihu, ya ce a hankali, "Ban ga komai ba, Mama."

Ya koma ya mayar da tiyo ya ce a tayar. Ta ɗan yi ƙiƙi-ƙiƙi ta kama, ta zauna a silo lumui, ko ƙwai ka ɗora a kanta ba zai gangaro ba. Ya ce, "Datti ne ya toshe wa tanki numfashi, na cire. An gama."

Na ce a raina Allah ya yi wa yaron nan albarka, asirina ya rufu. Ashe da sauran aiki. Ɗana ko murmushi bai yi ba. Ya ce, "Kullum ai haka take, in ta huta ta tashi. Kuma kullum haka kake cewa, an gama. Wane irin datti ne ba ya zuwa sai Alhamis, kuma ba ya bin mu komowa? Ku shiga mu tafi, in kai ta in miƙa makulli in huta."

Bakanike ya sunkuya yana tattara kayan aikinsa, an ci masa mutunci a gaban mutane kuma ga hujjarsa a aljihu, amma ya zaɓi ya haɗiye saboda furfurata. Na tsaya ina kallon ɗana yana zagayawa wajen sitiyari. Na san halinsa, irin na ubansa ne, in bai ga dalili da idonsa ba to yau motar nan a Nijar za ta kwana, shi kuma kafin sabon wata yana Legas. Na dubi taubashina, wanda in ya ji wannan labari har kabari zai raka ni da shi. Na dubi matan da ke cikin motar, biyu daga cikinsu ma suna cikin waɗanda na ce su suka yi mata ido.

Na ce, "Kai direba, dakata." Shi ne karo na farko da na tsayar da shi da magana a gaban mutane. Na juya wajen bakanike na ce, "Ɗan nan, fito da ita."

Ya ce, "Mama, ai da kin bari."

"Fito da ita, na ce."

Ya zaro ta ya ɗaga. Ba wanda ya tambayi ta wace ce, duk Ɗanzomo an san ledojina a kan danga. Na tsaya na faɗa musu kaf, tun daga matar Damagaram har reza, har cirewar da nake yi a kasuwa. Ban sunkuyar da kai ba, don in za ka sha kunya gara ka sha ta a tsaye.

Sai taubashina ya saki igiyar akuyarsa ya zube a ƙasa yana birgima. Yana cewa, "Na faɗa muku! Wayyo cikina! Na ce ita ce kuka ce wasa nake! A ba ni gareji!"

Ɗana ya dube ni. Uwa ce, me zai ce? Sai ya juya ya tafi bayan aduwa, na hango kafaɗunsa suna rawa. Na ce kuka yake. Da ya dawo idonsa da hawaye kam, amma na dariya ne.

Ya ce, "Iya, duk makonnin nan?"

Na ce, "Har da yau. Yau ma uku na sa."

"Me ya sa ba ki faɗa ba?"

"Wa ya tambaye ni?"

Bakanike ya ce, "Mama, ɗazu fa na tambaya wa yake taɓa ta."

Na ce, "Direba ka tambaya, ba ni ba."

Ɗana ya je ya kama hannun bakanike da hannu biyu ya ba shi haƙuri. Ni ma na ba shi, kuma ba kowa ne ya taɓa jin wannan kalma daga bakina ba. Muka shiga mota. Tun daga gindin aduwar nan har tsakiyar kasuwar Maigatari ko tari ɗaya ba ta yi ba. Mutumin Nijar yana nan yana jira da jama'arsa, ɗana ya leƙa ta taga ya ce masa, "A yi haƙuri, an fasa." Ni ina gefe na kau da kai ina kallon raƙuma, kamar ban ji ba.

Washegari bakanike ya gano ainihin inda warin yake fitowa, ashe wata roba ce a wuyan tankin ta tsage, ya canza ta. Ya kuma ce a daina cika mai har wuya, a riƙa ɗora kayana a saman mota. Ɗana bai je Legas ba. A gabana ya aurar da 'ya'yansa, kuma motar nan sai da ta yi mana shekaru kafin ta kwanta don kanta. Taubashina kuwa, Allah ya jiƙansa, har ya bar duniya in ya hango ni sai ya kama hancinsa ya ce, "Ku rufa min asiri, ga ta nan, kada ta toshe ni."

Abin da wannan rana ta koya min, iya sana'arka ba ta ba ka izinin sa hannu a ta wani ba tare da ka tambaya ba, don wanda ya bar huji ya san dalilin da ya bar shi. Kuma in abu ya lalace ana neman mai laifi, kafin ka fara jero sunayen maƙwabta ka tsaya ka tuna abin da hannunka ya yi da safe. Ni na zargi mahassada, na zargi masu fetur, na bari aka zargi bawan Allah mai gaskiya. Mutum ɗaya ce ban bincika ba a duk faɗin Ɗanzomo, kuma da ita nake kwana nake tashi.